Wadda Ke Keken Bakin Ƙofa

"Hajiya ta ce sai an gwada ki."

Malam ya faɗi maganar idonsa a kan takalminsa. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai sittin yana koya musu lissafi ko gezau, yau ga shi a ƙofar shagon ɗinkinmu ya kasa ɗaga kai ya dube ni.

Na ce, "A gwada ni? Atamfa ce ni da za a tsoma a ruwa a ga ko tana zuba?"

"Ba haka take nufi ba."

"To yaya take nufi? Fassara mini, ai kai ne malami."

Ya ja numfashi. Wai mahaifiyarsa ba ta ƙi ni ba, wai ta ji ana yabon halina, wai abu ɗaya kawai take so: takarda daga asibiti mai cewa ciwon da ke jikin Yaya babu shi a jikina, kuma ba zai zo ba. In an kawo takardar, a sa ranar aure ko gobe ne. In babu, ba da yawunta ba. Shi kuwa Malam ɗa ne tilo ga uwar da ta rasa miji, na san ba zai taɓa tsallake maganarta ba. Ni ma ban so ya tsallake.

Yayar da nake faɗa, minti ashirin ta ba ni a duniya, kuma har yau ba ta yafe mini ko minti ɗaya ba. Tagwaye ne mu, irin masu kamar nan da ko Ummanmu sai ta kira suna ta ga wadda za ta waiwayo. Tsayi ɗaya, murya ɗaya, har 'yar wushiryar ɗaya. Muna yara mun sha karɓar wa juna bulala a makaranta.

Shekara shida da suka wuce ne kamar ta fara rabuwa. Yaya ta soma da ciwon gaɓoɓi, sai zazzaɓin da ba ya jin magani, sai wani jan tabo ya shimfiɗu a kumatunta ya haye karan hanci. Mun yi yawon asibiti har mun gaji kafin a gano sunan abin: lufus. Garkuwar jikinta, wadda aka halitta don ta yaƙi cuta, ita ce ta juyo tana yaƙar jikin. Ta taɓa fata, ta taɓa gaɓoɓi, daga baya ta taɓa ƙoda. In ciwon ya tashi, maganin da ke kwantar da shi sai ya kumbura mata fuska kamar an hura. In ya lafa, sai ta dawo ni sak. Hasken rana ne babban abokin gabarta, shi ya sa a shago ni ke zama a keken bakin ƙofa, ita tana can ciki bayan labule tana yanka da guga.

Hajiya ba ta taɓa ganin ko ɗayarmu ba. Wata 'yar'uwarta ce ta kawo ɗinki bara daidai lokacin da ciwon ya tashi, ta koma ta kai rahoto har da ƙarin gishiri.

Na ce wa Malam, "Zan je. Amma ka sani ba don na yarda da maganar ba ne. Don kai ne."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Idanun nan nasa ne dai suka jawo mini duk wannan wahalar.

* * *

Likitar Yaya mace ce mai ƙaramin jiki da babban tabarau. Shekara shida tana ganinmu, kuma tana bambanta mu ne da abu ɗaya, wai ni ce mai yawan tambaya. Aka ɗebi jinina, aka karɓi fitsari, bayan sati na koma.

Ta ce, "Ƙodarki lafiya, jininki lafiya. Yau dai ba ki da ciwon nan."

"Alhamdu lillahi. To Likita, a rubuta mini cewa ba zan yi shi ba."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Wannan takardar babu likitan da zai rubuta miki ita sai maƙaryaci."



"Ki saurare ni," in ji ta. "Ke da 'yar'uwarki daga ƙwai ɗaya kuka rabu, don haka ƙwayoyin gadon da ke jikinta su ne a jikinki. Amma wannan ciwon ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba, balle in duba in ce ga ta ko babu ta. Ƙanana ne da yawa, kowace tana ƙara ɗan abu kaɗan. Abin da kuka gada ba ciwon ba ne, sauƙin kamuwa da shi ne."

"To me ya sa ita ta kamu ni ban kamu ba?"

"Ba tela ce ke ba? In kika yanko yadi biyu daga bandir ɗaya, dole riga iri ɗaya za ta fito?"

"A'a. Sai inda alli ya bi."

"To haka jiki yake. A kan ƙwayoyin gadon akwai wasu 'yan alamomi kamar zanen allinki, masu ce wa jiki yi aiki da nan, bar can a rufe. Yadin ba ya canzawa, amma alamomin suna canzawa tun mutum yana cikin uwa har ya tsufa. Wata cuta da aka taɓa yi aka warke, hayaƙi, zafin rana, wasu magunguna, duk suna iya taɓa su. Sau da yawa ma ba mu san dalili ba. A jikin 'yar'uwarki, wasu wurare da ya kamata su zauna a rufe cikin garkuwarta sun buɗe. Naki suna nan a rufe."

"Har abada?"

"Allah ne ya san wannan. Tagwaye irinku da yawa ɗaya takan kamu, ɗayar ta tsufa lafiya lau. 'Ya'yanki ma, in Allah ya kawo, mafi rinjaye ba za su yi ba. Amma haɗarinki ya fi na matar da ke wucewa a titi, ba zan ɓoye miki ba."

Ta rubuta gaskiyarta a layi biyu: babu ciwon a yanzu, a riƙa dubawa duk shekara.

A mota na yi kuka, kuma ba duka kukan na Malam ba ne. Shekara shida ina ɗaukar kaina wata mai ƙarfi ta daban, ina ɗaga Yaya ina kwantarwa, har ina jin daɗin ana cewa ni ce jaruma. Ashe yadi ɗaya ne, alli ne kawai ya kauce mini. Kunyar Yaya ta kama ni, ban kuma san laifin da na yi mata ba.

* * *

Malam ya kai takardar. Kwana biyu amsa ta dawo: Hajiya ta ce ba "a yanzu" ta tambaya ba.

Umma na tsinke ganye a tsakar gida na faɗa mata. Ta ture kwanon gefe.

"Shi ke nan, an gama. Ni ban haifi 'yar da za a riƙa kaiwa awo ba. Ga mai kantin magani nan shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidan nan. Ya san ciwon Yayarki ciki da waje, shi ke nemo mata maganin da ya yi wuya, kin taɓa jin ya ce a gwada wani?"

"Umma, ba na son sa."

"Kina son wanda uwarsa ke neman rasit a kanki?"

Gaskiyar Umma ce, mai kantin magani mutumin kirki ne. Aibinsa ɗaya, ko gaisuwa ka yi masa sai ya tambaye ka kofi nawa na ruwa ka sha yau. Amma ni zuciyata ba ta san hanyar kantinsa ba, ƙafata ce kawai ta sani. Umma ta ba ni zuwa ƙarshen wata in ba shi amsa, ko ita ta ba shi.

Da na shiga ɗaki na tarar da Yaya zaune a bakin gado da robar magungunanta a cinya. Ta ji komai.

"Ni ce na tsaya miki a hanya," in ji ta.

"Yaya, don Allah."

"Bar ni in faɗa. Duk wanda ya kalle ki, ni yake gani a kwance. Wallahi da ana cire kama, da na cire na bar miki fuskar ke kaɗai."

"Ki bar mini in yi me da ita? Wa zan riƙa dubawa in san ko ɗankwalina ya karkace?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na taya ta. Muka yi ta yi har Umma ta leƙo ta ce in mun gama a zo a ɗora tukunya.

* * *

Ranar Laraba aka tashi da ruwa. Tun safe sama a rufe, babu alamar rana. Wata biyar ke nan ciwon Yaya yana kwance, kumburin fuskarta ya saɓe, kumatun sun washe.

"Yau abokiyar gabata ta tafi hutu," in ji ta. "Tashi ki ba ni kujerar nan in ga mutane, na gaji da kallon bango."

Ta zare tef ɗin awona daga wuyana ta rataya a nata, ta haye keken bakin ƙofa. Ni kuma na shige bayan labule na jona guga, ga rigar wata malamar asibiti da za a zo karɓa da la'asar.

Ban yi minti goma ba na ji sallama. Muryar dattijuwa ce, a natse. Ta gefen labule na hango doguwar mace tana naɗe lema, da ganin goshin nan da hancin nan ba sai an faɗa mini uwar wa ce ba. Hannuna ya sandare a kan dutsen guga.

"Ɗana ya ce wadda nake nema ita ke zama a keken bakin ƙofa," in ji ta.

Yaya ta miƙe da sauri ta jawo kujera. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ai ni..."

Hajiya ta ɗaga hannu. "Kada ki ce komai sai na gama. Sati guda ina haɗa maganar nan, in kika katse ni ba zan iya ba. Ina 'yar'uwar taki?"

"Tana ciki tana guga."

"Baiwar Allah. Har tana iya guga?" Ta rage murya, ta ɗauka ƙarar ruwa a kan rufi za ta rufe mata. Labulen nan kuwa ko tari ba ya tarewa.

Na yunƙura zan fito, sai na ji Yaya ta taka fedar keke sau biyu, ƙwas ƙwas. Tun muna yara in ɗaya ta buga abu sau biyu, ma'anarsa zauna inda kike. Na tsaya.

Hajiya ta daɗe tana kallon ta. "Masha Allah. Dubi fata, dubi ido. Lafiya a jikinki kamar ta zuba. Da ganin ido ake aure, yarinya, da yau na sa rana."

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Na san kuna ce mini muguwa a gidanku. Ku faɗa, ba komai. Amma ni jinya na yi shekara goma sha ɗaya. Mahaifin yaron nan ƙoda ce ta kama shi. Cikinsa ya yi ta girma, fitsari da jini, daga baya sai wankin ƙoda sau biyu a sati. Ni ke goya shi zuwa mota, ni ke sauko da shi. Na san nauyin namiji in ya kasa tashi. Yaron yana makarantar kwana, na ce masa hawan jini ne. Haka uwar mijin nawa ta tafi, haka wansa ya tafi, duk na gani da idona."

Shekara shida Yaya tana zaman bencin asibitin ƙoda, babu irin labarin da ba ta ji ba a wurin.

"Hajiya," ta ce a hankali, "ƙodar tasa irin mai yin jakunkunan ruwa ce? Wadda ke ta girma har ta cika ciki?"

Hajiya ta zabura. "Ina kika san wannan?"

"A bencin asibiti ana jin komai. Na ji likitoci suna cewa wannan ba irin na gidanmu ba ne. Shi ƙwayar gado ɗaya ce tak, kuma ba sai iyaye biyu ba. In uba yana da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne." Ta dubi Hajiya. "An taɓa yi wa Malam hoton ƙoda?"

Ruwa ya ci gaba da dukan rufi.

"Likitan ya ce in ya girma in kawo shi," in ji Hajiya. "Yana da sha bakwai a lokacin. Na ce bari ya gama makaranta. Ya gama, na ce bari ya sami aiki. Yau shekararsa talatin da uku. Duk ranar da ya ce mini bayansa na ciwo, ranar ba na iya cin abinci. Na kasa, yarinya. Shi kaɗai gare ni."

"Bai sani ba?"

"Bai sani ba. Shi ya sa nake nema masa mace mai lafiya, wadda na tabbata ba za ta kwanta ba. In shi ya kwanta ke ma kika kwanta, wa zai ɗaga wani? Ni na tsufa, bayana ya ƙare a kan ubansa."

Sati biyu ina tara wa matar nan maganganu a cikina, masu zafi, na jera su tsaf ina jiran ranar da za mu haɗu. A tsaye a wurin nan na neme su na rasa ko ɗaya. Tausayinta ya rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya, don sai a lokacin maganar ta iso mini: Malam, rabi da rabi.

Yaya ta sauko daga kujera ta durƙusa. "Hajiya, ki yafe mini. Na so in faɗa tun farko kika hana ni, daga baya kuma ni na ƙi faɗa. Ni ce mara lafiyar."

"Ke?"

Ta janye hannun rigarta, ga tabon allurai a jere a gwiwar hannu. "Yau babu rana ne muka yi canjin kujera. Wadda kike nema tana bayan labule."

Hajiya ta shinshina iska. "Me ke ƙonewa?"

Na duba. Dutsen guga ya zauna daram a bayan rigar malamar asibiti, ya bar hotonsa baƙi ƙirin. Haka na fito gaban uwar mijin da nake fata, da ƙonanniyar riga a hannu da hawaye har haɓa. Na durƙusa kusa da Yaya na gaishe ta.

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta sake dubana.

"Kin ce lafiya kamar ta zuba a jikina," in ji Yaya. "Haka kowa ke ganin Malam. Ba a gane wannan da ido, Hajiya. Ni da aka gano nawa, ga ni zaune ina ɗinki. Shi ma in akwai, gara a sani da wuri, a kula da jininsa kada ya hau, a riƙa duba shi. Maganar wa zai ɗaga wani kuwa, wannan da kike gani shekara shida tana ɗaga ni. Ita ma ta san nauyin mutum."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti. Da ta lafa ta ce, "Ku rufa mini asiri. Kada ku faɗa masa."

Na ce, "Ba za mu faɗa ba, Hajiya, a bakinki ya kamata ya ji. Amma ba zan iya kallon idonsa ina riƙe da wannan ba. Don Allah kada ya wuce satin nan."

Ta ɗauki lemarta ta fita cikin ruwa, ko buɗe ta ba ta yi ba.

* * *

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta Malam ya zo, da farin alli a hannun rigarsa. Wannan karon bai kalli takalmi ba. Ni ya kalla, da jajayen idanu.

"Ta faɗa mini."

"Sannu."

"Na zo in ce ki amsa wa mai kantin magani."

Na ajiye almakashi don kada in yi abin da zan yi da-na-sani. "Maimaita, ban ji ba."

"Ni malamin lissafi ne. Naki haɗari ne da ba a ma san yawansa ba, kuma mai yiwuwa har ki tsufa bai zo ba. Nawa ɗaya cikin biyu ne. In ina da shi, 'ya'yana ma ɗaya cikin biyu. Kin yi jinyar shekara shida, ba zan ɗora miki ta shekara sha ɗaya irin ta mahaifina ba."

"Ranar da takardata ta fito, ka gudu?"

"A'a."

"Ka taɓa jin za ka gudu?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To me ya sa kake so in fi ka rashin mutunci?"

Ya buɗe baki, na riga shi. "Maganar 'ya'ya, mu zauna gaban likita mu biyu mu ji abin da ake yi. Maganar jinya kuma ba kai za ka zaɓar mini ba. Ka je ka yi wa ɗalibanka lissafi, ni ba a allo nake ba."

Ya zauna a kan kujerar da uwarsa ta zauna, ya dafe kai. Can ya ce, "Ina jin tsoro."

"Ni ma. Yaushe ne hoton?"

"Litinin."

Da na faɗa wa Umma halin da ake ciki, ta yi salati, ta tausaya, ta yi wa mamacin addu'a. Sannan ta gyara zama ta ce, "To ke dai kada ki yi gaggawa. A bari a ga hoton tukuna."

Na ce, "Umma, ashe ke ma kina karɓar rasit."

Ta jefe ni da mafici, amma ba ta janye maganar ba. Ban ga laifinta ba, uwa ce ita ma.

* * *

Litinin da hantsi muna kan bencin da Yaya ta sani kamar gadonta. Ita ta nuna mana tagar karɓar kati, ita ta ce wa Malam kada ya damu, man da ake shafawa a ciki sanyi kawai gare shi. Aka kira shi. Ya miƙe, ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya shiga aka rufe ƙofa.

Hajiya na tsakiya, ni a dama, Yaya a hagu. Carbi na hannunta amma ba ya tafiya.

Na san in na bari ƙofar nan ta buɗe, na makara. Na zame daga benci na durƙusa a gabanta, mutane suna kallo, ban damu ba.

"Hajiya, ina roƙon ki ba ni amsa yanzu."

"Yanzu? Ki bari a fito mana."

"In aka fito, amsar ta hoto ce, ba taki ba. In lafiyarsa ƙalau, za ki koma neman takardar da babu mai rubuta ta. In kuma akwai ciwon, zan shiga gidanki a matsayin mai jinyar da aka karɓa don babu yadda za a yi. Ba na son ko ɗaya. Ni na riga na ba da tawa amsar, ko me ke cikin ɗakin nan ina son sa. Saura ke."

Ta kalle ni. Ta waiwaya ta kalli Yaya. Mayafinmu iri ɗaya ne ranar, ba da gangan ba.

"Tsaya tukuna," in ji ta. "Wace ce ke a ciki?"

"Ni ce mai ƙona kayan mutane."

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. Ta kama hannuna, ta miƙa ɗayan hannun ta kama na Yaya, ta haɗa su a cinyarta ta danne.

"Shekara goma sha shida ina neman wanda zai yi mini alkawarin gobe," in ji ta. "Babu mai shi. Na ba ki shi da abin da ke jikinsa. Shi ma ya karɓe ki da abin da ke naki. Allah ya rufa mana asiri gaba ɗaya."

Yaya ta ce amin da ƙarfi har wani tsoho a ƙarshen benci ya taya ta.

Ba mu saki hannun juna ba ƙofar ta buɗe. Nas ta leƙo da fayil a ƙirji, fuskarta ba ta nuna komai ba, irin fuskar nan tasu da ba ka isa ka karanta ba.

"Masu tare da malamin makaranta? Likita na son magana da iyalinsa. Mutum ɗaya."

Hajiya ta yunƙura, har ta ɗaga daga benci. Sai ta tsaya, ta koma ta zauna a hankali, ta saki hannuna ta riƙe na Yaya da hannu biyu.

"Tashi ki je," ta ce mini. "Ke ake kira."

Na miƙe. Na nufi ƙofar.